Kwana Biyar da Iyali a Wani Masaukin Bakin Teku Kusa da Elmina

Mafi girman ruwan da 'ya'yana suka taɓa gani kafin watan Disambar da ya wuce shi ne na madatsar Tiga, kuma an kai shekara biyu babbarsu, mai shekara 12, tana roƙona in kai su su ga teku da idonsu. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, ni da mahaifiyarsu muka yanke shawarar tafiya ƙasar Gana, domin ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza kafin ya shiga, fasfo ɗinsa na ECOWAS da katin rigakafin cutar shawara sun wadatar, sannan mun san cewa Bahaushe ba ya rasa wanda zai ji harshensa a can. Mun sauka a wani ƙaramin masauki da ke bakin Tekun Atilantika, yamma kaɗan da garin Elmina, muka yi kwana biyar. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda akwai abubuwan da suka ɓata mini rai a wurin waɗanda zan faɗe su yadda suke, kuma irin waɗannan masaukai suna da yawa a wannan gaɓa, mafi yawansu tsarinsu ɗaya ne: ɗakuna a jere a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, ɗakin cin abinci mai rufin ciyawa, wurin ninkaya da aka gina da siminti, sai rairayi da teku a gaba.

Daga Legas zuwa Akra, wadda tsofaffinmu fatake suke kira Ankara, tafiyar kimanin awa ɗaya ce a jirgin sama, kuma agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya. Wahalar tana kan titi. Tsakanin Akra da Cape Coast bai wuce kilomita 150 ba, Elmina kuma tana gaba da kilomita 12 ko 13, amma mun shafe fiye da awa huɗu a mota, kuma kusan rabin lokacin ya tafi ne a cunkoson garin Kasoa, wanda sunansa ya samo asali daga kalmarmu ta kasuwa. Direban da masaukin ya haɗa mu da shi ya iya tuƙi, motarsa tana da tsabta, sai dai kuɗin da aka faɗa mini a waya na tafiyar gaba ɗaya bai haɗa da zuwa dajin Kakum ba, ban kuwa san da haka ba sai ranar da muka tashi tafiya can. Duk wanda zai yi irin wannan ciniki ya nemi a rubuta masa wuraren da za a kai shi ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin mai da na jiran direba, tun kafin ya biya kafin alƙalami.

Mun isa bayan magariba, kuma kilomita biyun ƙarshe hanya ce ta jar ƙasa mai ramuka, babu fitila. Wanda ya karɓe mu matashi ne ɗan zango, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi a garuruwan Gana, yana ganin hulata ya ce, "Alhaji, sannunku da zuwa, sannu da hanya," ya durƙusa ya gaida mai ɗakina, ya ɗauki autanmu da barci ya riga ya kwashe. Hausar zangon Gana tana da nata ɗanɗano, ba ta cika bambanta namiji da mace a magana ba, amma babu abin da ya faɗa wanda ba mu gane ba. Tun kafin in tambaya ya nuna mana alƙibla, ya kawo buta biyu, ya kuma gaya mana inda ake sallar Juma'a a zangon Cape Coast. Wannan tarba ta sauke mana rabin gajiyar hanya.

An ba mu ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, abin da na fi buƙata ke nan, domin ba zan iya barci ba in yara suna wani ɗaki dabam alhali teku yana taku kaɗan daga bakin ƙofa. Gadajen suna da gidan sauro marar huda, zannuwan a wanke suke, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, kuma idan wuta ta ɗauke ana tayar da janareta cikin 'yan mintuna. Amma gishirin iskar teku ba ya barin ƙarfe, don haka makullin banɗaki da kan shawa duk sun yi tsatsa, kuma a dare na biyu famfo ya ƙafe, sai da aka kawo mana ruwa a bokiti har zuwa hantsin washegari. Ruwan zafi kuwa ba mu same shi ba ko sau ɗaya, ko da yake an rubuta a tallarsu cewa akwai. A yanayin wurin wannan bai zama babbar matsala ba, domin hunturu yana isa gaɓar ne a matsayin hazo kawai, ba ya zuwa da sanyin da muka sani a Kano, amma mai jariri ya kamata ya san da haka. Akwai lilo da sulɓi na yara a gefen fili, su ma tsatsa ta ci su har na hana nawa hawa. Wurin da ke kiran kansa masaukin iyali bai dace ya bar kayan wasan yara a wannan hali ba, na kuma faɗa wa manajan haka baki da baki.

Abin da ya sa duk da waɗannan nake ganin kwalliya ta biya kuɗin sabulu shi ne wani dattijo Bafante, wato ɗan ƙabilar Fante ta wannan gaɓa, tsohon masunci, wanda masaukin ya ɗauka don gadin masu shiga ruwa. Tun safiyar farko yana zaune a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife, da usur a wuyansa, idonsa ba ya barin teku. Yaran suka ruga da gudu, ni ma na bi su da zumuɗi, domin gani ya kori ji: ruwa ne har iyakar ganin ido, yana tasowa yana nannaɗuwa yana faɗuwa da ƙara kamar tsawa. Ɗana na tsakiya, mai shekara 8, ya shiga har ruwa ya kai masa gwiwa. Igiyar farko ta wuce shi yana dariya, amma da ruwan ya juya zai koma sai ya kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, yaron ya zauna daɓas, igiya ta biyu ta rufe shi. Kafin in kai hannu dattijon ya riga ya busa usur, ya iso, ya cafko shi ta hammata ya tsayar da shi a tudu. Babu abin da ya same shi ban da ruwan gishiri da ya shaƙa da rairayi a kunne, amma uwarsa ta daɗe tana salati.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya kira mu duka, matashin nan ɗan zango yana fassara, ya ɗauki ɓawon kwakwa ya kai mu wani wuri da ke can gefe inda ruwan ya fi ko'ina kwanciya, babu kumfa, launinsa ya ɗan yi duhu. Ya ce in da za a bar baƙo ya zaɓa, nan zai shiga, domin nan ne ya yi kama da wurin da babu haɗari. Sai ya jefa ɓawon. Muna kallo ya miƙe zuwa tsakiyar teku kamar ana jan sa da zare, cikin ɗan lokaci ya wuce inda igiyoyi suke karyewa. Ya bayyana mana cewa duk ruwan da igiyoyi suke turowa gaɓa dole ne ya nemi hanyar komawa, yakan kuma tattaru ya fita ta wani ɗan siririn lungu da gudun da ko gwanin iyo ba ya iya ja da shi. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi ta kokawar komowa kai tsaye har ƙarfinsa ya ƙare, sai ya bar jikinsa a saman ruwa, ya yi iyo ta gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga lungun, ya ɗaga hannu a gan shi. Daga nan ya ja layi da ƙafarsa a kan rairayi ya ce wa yaran, ruwa iyakar idon sawu, kuma kada wanda ya juya wa teku baya. Tun daga ranar suke kiransa Baba, kuma maganarsa ta fi tawa tasiri a kansu a bakin ruwa.

Na tsaya a kan wannan ne saboda yawancin iyalan da za su taso daga arewa ba su iya iyo ba, waɗanda suka iya kuwa a kogi ko kududdufi suka koya, kuma wannan teku ba sa'ansu ba ne. Gaɓar Gana a buɗe take ga Atilantika, igiyarta tana da ƙarfi a mafi yawan wurare, ruwan kuma yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini, ta yadda inda yaro ya gina ɗakin rairayi da safe zai iya zama cikin ruwa da azahar. Tambayar farko da zan shawarci uba ya yi kafin ya kama ɗaki ita ce ko akwai mai gadin ruwa, kuma daga ƙarfe nawa zuwa nawa yake aiki. Ta biyu ita ce ko wurin ninkayar yana da sashe marar zurfi. Na wannan masauki yana da shi, ruwansa bai wuce cinyar babba ba, an raba shi da mai zurfin da bango, kuma a nan yaran suka yi wankansu na gaske kowace la'asar. Ba a hana 'yata shiga da doguwar riga da wando da ɗankwali ba, babu kuma wanda ya ɗaga ido ya dubi hijabin mahaifiyarta.

Yaro ba sai ya shiga teku ba kafin ya more shi. Da asuba bayan salla mukan fita mu tarar da ƙananan ƙaguwoyi masu launin rairayi suna gudu a karkace suna faɗawa ramukansu, autan mai shekara 5 ya yi ta binsu bai kama ko ɗaya ba. Sun cika gora biyu da ɓawon katantanwa da kumba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne jan taru: masunta sukan kai taru cikin teku da kwalekwale su zagayo, sannan mutane ashirin ko fiye su jeru a kan igiyoyi biyu a tudu suna ja suna waƙa, a hankali a hankali, fiye da awa ɗaya. Sun bar ɗana ya kama ƙarshen igiya, kuma da tarun ya fito da kifaye suna tsalle, mata suka kewaye da manyan kwanoni ana ciniki. A tarun akwai ledoji da gorunan roba masu yawa, haka ma a rairayin da ke wajen iyakar masaukin, inda babu mai shara. Masaukin yana share gabansa kowace safiya, amma taku ɗari biyu daga nan dole yaro ya sa takalmi. A wannan yanki masunta ba sa fita teku ranar Talata bisa al'adarsu, don haka mai son yaransa su ga jan taru kada ya sa ransa a wannan rana.

Abincin yana da daɗi, jiran sa ne ba shi da daɗi. Sau biyu muka yi odar abincin rana muka zauna fiye da awa ɗaya, yara suna ta hamma, sai daga baya muka gane cewa dabarar ita ce a faɗa wa kuku abin da ake so tun wajen karin kumallo. Ana sayar da giya a wurin kuma akwai naman alade a jerin abincinsu, saboda haka mun tsaya a kan kifi, mai ɗakina kuma ta shiga kicin da kanta ta roƙi a ware mana kasko da mai, aka yi hakan ba tare da ɓata fuska ba. Gasasshen kifin da aka kamo da safe, da yajin nan nasu mai duhu da ake kira shito, da soyayyar ayaba mai citta, babu wanda ya bar saura. Dokunun Fante, wani irin tuwon masara wanda ake naɗewa a ganyen ayaba, ya yi wa yaran tsami. Da safe kuwa matashin nan yakan sayo mana koko da ƙosai daga cikin gari, kuma ranar da muka ci wake da shinkafa a Cape Coast, wanda ake dafawa da karan dafi har ya yi ja, yaran sun yi mamakin jin cewa sunan da duk Gana take kiransa da shi daga kalmar wake ya fito. Daren Asabar ne kaɗai ban ji daɗinsa ba, domin an saki kiɗa a mashayar har bayan ƙarfe ɗaya na dare, ɗakunanmu kuma suna kusa. Mai iyali ya nemi ɗakin da ya fi nisa da wurin, ko ya tsara zuwansa daga Litinin zuwa Juma'a, lokacin da rairayin yake kusan zama nasa shi kaɗai.

Fa'idar wannan gaɓa a kan sauran wuraren da na duba ita ce abubuwan kallo suna kusa. Dajin Kakum yana da nisan kilomita 30 da 'yan kai arewa da Cape Coast, kuma abin da ake zuwa dominsa shi ne gadojin igiya guda bakwai da aka ɗaura a jikin manyan itatuwa tun 1995, tsawonsu a haɗe ya kai kimanin mita 350, a sama da ƙasa da mita 30 zuwa 40. Faɗin katakon da ake takawa bai fi na mutum ɗaya ba, da raga a kowane gefe har ƙirjin babba, gadar kuma tana lilo da kowane taku. Kafin a kai ga ta farko akwai hawan tudu mai matakala wanda yake sa gumi. Manyan biyu sun ƙetare duka bakwai, 'yata tana gaba tana cewa, "Abba, kada ka dubi ƙasa, dubi bayana kawai." Autan ya tsaya a ƙasa tare da mahaifiyarsa, kuma ina ganin hakan ne daidai ga mai shekarunsa. Akwai giwayen daji da birai a Kakum, amma mai zuwa da rana cikin jama'a ba zai gan su ba, abin da zai gani shi ne saman kurmi, da tsuntsaye, da malam-buɗe-littafi iri-iri. A je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su iso. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, na yara kuma bai kai na manya ba.

Sai tsofaffin sansanonin Turawa guda biyu. Na Elmina mutanen Fotugal ne suka gina shi a 1482, mutanen Holand suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Na Cape Coast ya faro ne daga ginin da mutanen Suwidin suka yi a 1653, daga baya ya zama mazaunin mulkin Ingila a yankin har zuwa 1877 da aka mayar da hedikwata Akra. Hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, kuma Shugaba Obama na Amurka ya kai iyalinsa na Cape Coast a watan Yulin 2009. Na Elmina daga sama wuri ne da yaro zai so, ga igwa a jere suna fuskantar teku, ga ɗaruruwan kwalekwale masu tutoci da fenti kala-kala a mashigar ruwan Elmina. Ƙasa kuwa kurkukun bayi ne, ɗakuna masu duhu da zafi da ƙaramar taga can sama, da wata siririyar ƙofa da ake fitar da mutane zuwa jirgin ruwa, wadda duk wanda ya bi ta ba ya dawowa. Babbar 'yata kaɗai na shiga da ita. Da mai yi mana bayani ya kashe fitila na ɗan lokaci, ta damƙe hannuna, bayan mun fito ta tambaye ni, "Abba, har da mutanen wajenmu?" Na gaya mata cewa da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a nan an gangaro da su ne daga arewa, ta kasuwanni irin ta Salaga, garin da ayarin fatakenmu suke zuwa sayen goro a zamanin fataucin Gwanja. Ta yi shiru har muka koma masauki, da dare kuma ta nemi takarda ta rubuta abin da ta gani don ta kai wa malamarta. A ganina yaron da bai kai shekara 10 ba a bar shi a sama wajen igwa tare da babba ɗaya.

Game da kuɗi, ɗakunan biyu tare da karin kumallo sun tasar mana kusan abin da za mu biya a otal mai matsakaicin daraja a Abuja, abincin rana da na dare kuma sun fi na cikin gari tsada nesa ba kusa ba. Na'urar karɓar kuɗi da kati ba ta yi aiki ba duk tsawon zamanmu, sai da na koma Cape Coast na ciro sidi, kuɗin Gana, don haka a tafi da tsabar kuɗi a hannu. Watan Disamba lokacin cikar baƙi ne a Gana, musamman tun bikin komowar 'yan asalin Afirka na 2019, kuma ɗakuna suna ƙarewa da wuri, gara a kama tun wata biyu kafin tafiya. A ɗauki huluna masu faɗi, da maganin sauro na shafawa, da takalman roba, da kayan sawa fiye da yadda ake zato, domin wanki ba ya bushewa da sauri a wannan laima. In Allah ya kai mu wani hutun zan koma masaukin nan da sharaɗi biyu, a ba mu ɗakunan da suke nesa da mashaya, a kuma tabbatar mini a waya cewa Baba mai usur yana nan a bakin aikinsa. Ranar komawa mun bar Elmina ana idar da sallar asuba don mu wuce Kasoa kafin cunkoso ya kankama, muka isa filin jirgi da sauran awa uku a hannu, gorunan katantanwar nan biyu suna naɗe cikin zanen mahaifiyarsu a tsakiyar akwati.